Kuɗin Da Ake Karɓa A Kan Yaranmu A Caji Ofis Da Kotu: Wanne Doka Ta Sani?

Jawabin da kwamitin kare haƙƙi na ƙungiya ya gabatar a babban taron membobi a Legas. An buga shi saboda 'yan'uwan da ba su samu halarta ba.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi da na 'yan dako, iyayenmu mata da ke zaune a can baya, da sauran jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa.

An ɗora wa wannan kwamiti nauyin yin bayani a kan kuɗin da ake karɓa a hannunmu idan an kama yaro. Duk wanda ke sallah a masallatanmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Obalende ya san yadda abin yake. Liman zai sallame, wani ya miƙe ya ce jama'a a taimaka, an kama yaron wane, ana neman kaza kafin gobe. A zagaya da hula, kowa ya jefa abin da Allah ya hore masa, a kai. Wannan zumunci ne, Allah ya saka wa masu yi da alheri. Amma da wuya ka ji wanda ya tambaya: kuɗin na mene ne, wa zai karɓa, kuma za a ba da rasit? Beli, tara, diyya, kuɗin lauya, kuɗin takarda, kuɗin mota, duk an haɗa su a tukunya ɗaya ana kiransu kuɗin kotu. To, a yau muna so mu rarrabe su, domin mafi yawansu doka ba ta san da zamansu ba, ɗan abin da ta sani kuwa ta gindaya masa sharuɗɗa.

Mu fara da dokar kanta. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara a 1991, sannan a 2003 Majalisar Tarayya ta zartar da Dokar Haƙƙin Yara, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa mata hannu. Sai dai sha'anin yara yana hannun jihohi ne, saboda haka dokar ta tarayya Abuja kaɗai take ɗaurewa kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihar Oyo ta yi tata a 2006, Legas ta yi a 2007. A can gida an daɗe ana ja-in-ja, musamman a kan shekarun aure, Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuwa sai a 2023. Ba wannan muhawara ce ta tara mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne, yaron da aka kama a Oshodi dokar Jihar Legas ce za ta hau kansa, ko da an haife shi a Daura ko a Maraɗi. Kuma wannan doka ba ta neman takardar shaidar ɗan asalin jiha kafin ta kare yaro. Sashe na 41 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a inda ya so a Najeriya, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito. Lambobin sassan Dokar Haƙƙin Yara da za ku ji mun ambata na dokar tarayya ne. Ta Legas ta bi sawunta a wannan babi, lambobin ne suka bambanta.

A wannan doka, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Sashe na 204 ya ce yaron da ake zargi da laifi ba a bi da shi ta hanyar da ake bi da manya, yana da tasa hanyar daban, kuma Kotun Iyali ce ke sauraron maganarsa, wadda ake da ita a matakin majistare da na babbar kotu. A can ba a barin 'yan kallo, ba a buga sunan yaro ko hotonsa a jarida, ba a ma amfani da kalmar an ɗaure shi ko an yanke masa hukunci irin na manya. Sashe na 221 ya hana a tura yaro kurkuku, ya hana a yi masa bulala, ya hana hukuncin kisa a kansa. Ban da wannan, dokar laifuffuka ta Jihar Legas ta 2011 ta ce wanda bai kai shekara 10 ba ba a kama shi da laifi sam.

Dattawanmu za su tuna ba haka abin yake a da ba. Tsohuwar dokar yara da matasa da Turawa suka kafa wa Ikko a 1943 ta kira ɗan ƙasa da shekara 14 yaro, daga 14 zuwa ƙasa da 17 matashi, wanda ya cika 17 kuwa babba ne, kuma ta yarda da bulala. An fi shekara 60 ana aiki da ita, shi ya sa har gobe za ka tarar da ma'aikacin da zai kalli ɗan shekara 17 ya ce ai wannan ƙato ne.

Jama'a, duk wannan gata da muka lissafa yana rataye ne a kan abu guda: shekarun da aka rubuta a takardar caji. A nan ake cin yaranmu. Yaro zai ce shekararsa 15, mai rubutu ya ɗaga kai ya dube shi, ya ga dogo ne, ya rubuta 19. Yaron ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, bai san abin da aka rubuta ba, ba shi da takardar haihuwa, wani ma don kada a raina shi da bakinsa zai ƙara wa kansa shekaru. Da zarar an rubuta 18 ko fiye, an rufe masa ƙofar Kotun Iyali ke nan. Sai a zuba shi a mota da manya, a kai su kotun tafi-da-gidanka, a karanta caji ga mutum 20 a lokaci ɗaya, wani daga gefe ya raɗa masa cewa ka amsa kawai za a sake ka. Ya amsa. Alƙali ya ce tarar kaza ko wata kaza a gidan yari. Babu mai biya, sai gidan yari.

Kada wani ya ɗauka ƙari muke yi. A watan Agusta na 2017 Babbar Jojin Jihar Legas ta lokacin, Mai shari'a Oluwafunmilayo Atilade, ta ziyarci gidan yarin Badagry ta saki yara 80 waɗanda shekarunsu ba su kai a tsare su a wurin ba, kuma jaridu sun ba da labarin cewa da yawansu ƙananan laifuffuka ne suka kai su. Wannan shekara 10 ke nan bayan jihar ta yi dokar da ta hana ɗaure yaro. Dubi kuma girman tarar da ake magana. A 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ba da sanarwar za ta tsananta aiki da dokar hana talla a kan titi ta 2003, mai saye da mai sayarwa kowa tarar naira 90,000 ko wata 6 a gidan yari. A wannan shekarar mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 18,000 ne. Wato albashin ma'aikaci na wata 5 cur, a kan yaron da duk jarinsa farantin goro ne ko kwalin ruwan leda.

Saboda haka aikin farko ga duk wanda ya isa wurin da aka tsare yaro shi ne ya nemi a nuna masa shekarun da aka rubuta. Idan ba daidai ba ne a faɗa nan take, a sake faɗa wa lauya, lauya ya faɗa wa alƙali kafin yaro ya amsa caji. Kotu tana da ikon binciken shekarun wanda aka gurfanar gabanta, ta karɓi takardar haihuwa, ko shaidar iyaye, ko ta tura a kai shi wurin likitan gwamnati. Takardar makaranta, katin rigakafi na asibiti, duk suna taimakawa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce gaba, kuma muna roƙon duk wanda ya aiko a kawo masa yaro daga gida ya ce a haɗo da ita.

To, mu zo kan kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne belin caji ofis. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, domin su kansu sun rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Abin da ake karɓa da sunansa ba ya shiga asusun gwamnati, shi ya sa ba a taɓa ba da rasit a kansa. Mun san amsar da ke bakin kowa: idan ba ka bayar ba yaronka zai kwana a sel. Gaskiya ne, ba ma zargin uwar da ta sayar da tukunyarta don ɗanta ya fito. Amma mu san makamin da ke hannunmu. Sashe na 211 ya wajabta a sanar da iyaye ko mai riƙon yaro da zarar an kama shi, kuma a duba yiwuwar sakinsa ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 212 ya ce tsare yaro kafin shari'a shi ne matakin ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, kuma babu lungun da ke Legas wanda ya yi wa kotu wannan nisa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wani, don haka ba a riƙe uba don ɗansa ya gudu, ba a riƙe yaron shago don maigidansa ya ci bashi. Yawo kawai ba tare da wani laifi ba, tun 1989 aka soke shi daga jerin laifuffuka. Abin da muka lura shi ne, idan mutum ɗaya ya je yana roƙo da hannu a aljihu, farashi ake yanka masa. Idan dattawa biyu suka je da lauya ko da takardar ƙungiya, suka nemi ganin DPO cikin ladabi, suka rubuta lokacin da aka kawo yaron, magana takan canza.

Akwai wani kuɗi a caji ofis wanda doka ta yarda da shi, kada a haɗa shi da wancan. Sashe na 209 ya ba 'yan sanda da mai gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar magana ta hanyar sulhu ba sai an je kotu ba, a mayar da abin da aka ɗauka ko a biya wanda aka yi wa ɓarna. Idan yaro ya fasa gilashin mota da baro, ko ya ɗauki wayar wani, biyan mai kaya haƙƙi ne. Malamanmu sun fi mu sani, ko a fiƙihu ba a tsayar wa wanda bai balaga ba haddi, amma dukiyar da ya ɓarnata ana biya. Sharaɗi shi ne kuɗin ya shiga hannun mai kayan a gaban shaidu, a rubuta, ya sa hannu cewa ya karɓa kuma ya janye. Abin da aka miƙa a bayan kanta don a kashe magana, gobe ana iya tayar da ita, kuma ba ka da abin nunawa.

Na biyu, belin kotu. Nan ne rashin sani ya fi cutar da mu. Alƙali zai ce ya ba da beli a kan naira 200,000 da mutum biyu masu tsayawa, sai mutanenmu su fita a guje neman 200,000. Ba biya ake yi ba. Alkawari ne mai tsayawa yake sa wa hannu, cewa idan yaron ya gudu bai dawo kotu ba, to a lokacin ne za a bi shi wannan kuɗi. Sai fa idan alƙali ya faɗa ƙarara cewa a ajiye kuɗi, shi ma a asusun kotu ake ajiyewa da rasit, kuma ana mayarwa idan an gama shari'a ba a saɓa sharaɗi ba. Ƙananan kuɗaɗen shigar da takarda da na rantsuwa suna nan, amma suna da ƙayyadadden farashi da rasit na gwamnati. Wanda ake tuhuma ba ya biyan kuɗin shigar da ƙarar da gwamnati ta kawo a kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharuɗɗan mai tsayawa. Sau da yawa a kotunan Legas akan ce ya kawo shaidar biyan haraji ga jihar na shekara biyu ko uku, ya kasance yana da aikin da aka sani, a je a tabbatar da adireshin gidansa, wani lokaci a ce ɗaya ya zama ɗan'uwa na jini. Ɗan asalin gari zai cika wannan kafin la'asar. Yaron da ke kwana a rumfar kasuwa, ubansa yana ƙauye a Jigawa, ina zai samo? Sai ka ga an ba da beli amma yaro ya yi wata uku a tsare. Daga nan masu sana'ar tsayawa beli da ke zaune a bakin kotu suke samun kasuwa, su karɓi kuɗi mai yawa su kawo takardun da ba a san asalinsu ba, idan asiri ya tonu a soke belin, kuɗi ya tafi, yaro ya koma. Duk ƙasar nan ta ga misalin belin da ba beli ba a ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja a kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu da yara da dama daga Arewa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali bayan kusan wata uku a tsare. Aka ba da belin kowanne a kan naira miliyan 10 da masu tsayawa biyu, ɗaya babban ma'aikacin gwamnati. Sai da duniya ta yi ca, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a sake su, aka janye tuhumar cikin 'yan kwanaki. Waɗancan kyamara ta gan su. Namu na nan babu mai ɗaukarsu hoto.

Abu biyu za su rage mana wannan wahala. 'Yan kasuwarmu masu shago da masu gidan kansu su riƙa biyan harajin jiha suna adana takardar, su yi katin zama ɗan Legas, domin ranar da za a nemi mai tsayawa. Sannan iyayenmu mata su ji da kyau: dokar shari'ar laifuffuka ta Legas, tun ta 2007, ta ce ba a hana mace tsayawa beli don tana mace, dokar tarayya ta 2015 ma haka ta ce. Hajiya mai sayar da abinci da ke da shago da adireshi tana iya karɓar belin ɗanta.

Lauya da tafinta kuwa, a taƙaice. Sashe na 155 ya ba yaro haƙƙin samun lauya kyauta. Jihar Legas tana da ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi da aka fi sani da OPD tun shekarar 2000, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya tun 1976, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ba sa tambayar garinku. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ce wanda ba ya jin harshen da ake shari'a da shi a samo masa tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Yaro kada ya amsa cajin da ba a fassara masa ba, kuma ɗan gurguwar Turancin kasuwa da yake ji bai isa a ce ya fahimci caji ba.

Yanzu ga babbar magana, wato tara. A nan doka ta taɓa aljihunmu da gaske, kuma ya kamata kowane uba ya buɗe kunne. Sashe na 220 ya ce idan kotu ta ga abin da ya dace da laifin yaro shi ne tara, ko diyya, ko kuɗin ɗawainiyar shari'a, to iyayensa ko mai riƙonsa ne za a umarta su biya a maimakonsa. Hikimar a fili take: yaro ba shi da dukiya, kuma wanda ya saki yaro sakaka shi ya kamata ya ji zafin. Amma an cire hali biyu. Idan an nemi iyayen ba a same su ba, ko kuma kotu ta gamsu cewa ba sakacinsu ne ya jawo laifin ba, to ba a ɗora musu. Kuma ba a yanke wa uba biya sai an ba shi dama ya yi magana, in ban da wanda aka kira ya ƙi zuwa. Wanda aka yanke wa yana da damar ɗaukaka ƙara.

Kun ga ke nan gudun kotu da wasunmu ke yi asara ce. Uban da ya zo ya nuna cewa ɗansa yana makaranta, ga malaminsa na allo, ga maigidan da yake koya masa aiki, ga maƙwabta da za su shaida yana tsawatarwa, yana da hujjar da zai ce kada a ci shi tara. Wanda ya ɓuya kuwa za a iya yankewa a bayansa. Haka nan tara ba ita kaɗai ke gaban alƙali ba. Sashe na 223 ya jera hanyoyi da yawa: a sallami yaro da gargaɗi a kan alkawarin zai kiyaye, a danƙa shi ga ɗan'uwa ko wani mutumin kirki, a sa jami'in jin daɗin jama'a ya riƙa sa masa ido, a sa shi aikin gayya na wani lokaci, ko in abin ya yi tsanani a kai shi gidan horon yara, irin na maza da ke Oregun ko na mata da ke Idi-Araba. Kafin a yanke, jami'in jin daɗin jama'a yakan rubuta rahoto a kan gidan da yaro ya fito da halin da yake ciki. Idan ya zo unguwa kada a rufe masa ƙofa don an ga ma'aikacin gwamnati, wannan rahoto yana iya zama abin da zai dawo da yaro gida. Ko an yanke tara, lauya yana iya roƙon a duba ƙarfin mai biya, a ba da lokaci ko a biya kashi-kashi. A biya a inda kotu ta ce, a karɓi rasit.

Masu gida da ke ɗauko yara daga ƙauye don tallar kaya ko tura baro ko jari-bola, da masu jan makafi bara da ƙananan yara, akwai magana a kanku. A aikace wanda yaro yake hannunsa shi ake fara nema. Kuma sashe na 30 na wannan doka ya hana sa yaro bara ko talla a manyan tituna. Ba daidai ba ne mutum ya ci gumin yaro shekara biyu, ranar da aka kama shi ya kashe waya ya ce bai san shi ba.

Wannan ya kawo mu ga ramin da ke cikin dokar, wanda yaranmu suka fi kowa faɗawa. An ce idan ba a sami iyaye ba, ba a ɗora musu. To sai a ɗora wa wa? Tarar ta koma kan yaron. Ɗan cirani mai shekara 16 da ya biyo motar shanu ko ta albasa daga Sakkwato, mai wankin takalmi ko yankan farce, shi ne ainihin wanda ba a samun iyayensa. Wato wanda ya fi kowa rashin gata shi ne doka ta bar wa biya da kansa.

Wasu wurare sun fuskanci irin wannan sun gyara dokarsu, kuma da yake a Amurka ma kowace jiha ita ke yin dokar yaranta kamar mu, misalinsu zai yi mana amfani. A Jihar Kalifoniya, ƙananan hukumomi sun daɗe suna aika wa iyaye takardar bashi a kan kowane kwana da yaro ya yi a tsare, da kuɗin lauyan gwamnati, da na na'urar da ake ɗaura masa a ƙafa, da na gwajin ƙwaya. Masu bincike a sashen koyon shari'a na jami'ar Berkeley suka nuna cewa nauyin ya fi faɗawa a kan talakawa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma a wasu wuraren abin da ake kashewa wajen bin bashin ya cinye mafi yawan abin da ake tarawa. A 2017 majalisar jihar ta soke waɗannan kuɗaɗe, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu, dokar ta fara aiki a Janairun 2018, sannan a 2020 aka yi wata ta yafe tsofaffin basussukan. Jihohi irin su Nevada da Maryland da Colorado suka biyo baya da nasu gyaran. Abin lura, Kalifoniya ba ta soke diyyar wanda aka cuta ba. Kuɗin da hukuma ke karɓa wa kanta ta soke. Mu ma a nan an ga lissafin: a Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni don a biya wa fursunoni 4,068 tara su fita. Mutanen da alƙali ya ga laifinsu bai kai na ɗauri ba sai in sun kasa biya, gwamnati ta yi ta ciyar da su saboda talauci kawai.

Don haka kwamiti ya shirya takarda zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Legas, ta hannun 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓunmu, waɗanda muka jefa wa ƙuri'a kamar kowa. Muna roƙon a rubuta a fili cewa ba a ɗora wa ɗan ƙasa da shekara 18 tara ko kuɗin ɗawainiyar shari'a a kan kansa, idan ba a sami iyaye ba a koma ga aikin gayya ko sa ido. Muna roƙon a wajabta wa kotun tafi-da-gidanka ta tantance shekarun duk wanda ya yi kama da yaro kafin a karanta masa caji, in akwai shakka a miƙa shi Kotun Iyali. Muna kuma roƙon a ƙananan laifuffukan yara a karɓi sarakunan al'umma da limamai da shugabannin kasuwa da hukuma ta sani a matsayin masu tsayawa, a kuma liƙa jerin kuɗaɗen da doka ta yarda da su a ƙofar kowace kotu, har da Hausa a unguwannin da muke da yawa. Diyyar wanda aka yi wa ɓarna ba mu nemi a taɓa ta ba. Yaron Bayarabe ko na Ibo mai talla a Oshodi wannan rami ɗaya yake faɗawa, shi ya sa muka fara tuntuɓar ƙungiyoyinsu don takardar ta tafi da sa hannun kowa. Allah ya ja zamanin Sarki, muna neman ka sa mata albarka kafin ta fita.

Kafin a tashi, sakatare yana bakin ƙofa da littafi. Duk mai riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 18, nasa ne ko na amana, ya tsaya ya rubuta sunan yaron, shekarunsa, garinsu da lambar wayar mahaifinsa ko mai unguwarsu, don in ta taso a ce wa kotu ga iyayen an same su. Masu takardar haraji da suka yarda su riƙa tsayawa su ma su ba da sunansu. Daga yau kuma duk kuɗin da za a tara a masallaci da sunan an kama yaro, a fara sanar da ɗan kwamiti na unguwar ya je ya ga takardar caji, ya dawo ya gaya wa jama'a kuɗin na mene ne. Lauyan da ya zo tare da mu zai zauna har zuwa magariba don amsa tambayoyi, iyayenmu mata su ne za su fara.